Tsakanin Masani da Manomi: Takardar Neman Aiki da Ganawa ga Marubucin Fasaha

Duk ɗalibin da ya tashi a ƙasar Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, da wuya a ce bai taɓa gamuwa da irin wannan ba. Ya dawo hutu, yana zaune a ƙofar gida, sai wani kawunsa ya miƙo masa kwalbar maganin feshi da ya sayo a kasuwa, ya ce, "Kai ɗan boko, duba mini nan, nawa ake zubawa?" Ɗalibi ya jujjuya kwalba, ya ga ƙananan rubutu da Turanci, wani lokaci har da Faransanci, ya ga an ce lita kaza a kowace hekta. Turancin bai gagare shi ba. Sai dai kawu bai san hekta ba. Fadama gare shi wadda ya gada, iyakarta daga bakin rijiya zuwa gindin giginya. Ba shi kuma da ma'aunin lita, sai murfin kwalba da gwangwanin madara. Idan yaro ya faɗi abin da ya gaza, tsutsa ta cinye albasa. Idan ya faɗi abin da ya zarce, ganye ya ƙone, ko kuwa mai feshin ya kwana a asibiti.

A wannan ɗan lokaci da ɗalibin ya yi shiru yana lissafi a zuci, ya shiga wata sana'a ba tare da ya san sunanta ba. Ita ce sana'ar rubutun fasaha, wato ɗauko ilimin da ke kan masani, likita ne ko injiniya ko malamin gona, a zuba shi a takarda ta yadda wanda zai yi aiki da shi zai fahimta, ya kuma aikata daidai, ba tare da masanin yana tsaye a kansa ba. Takardar da ke cikin kwalin magani, da littafin da ke bayanin yadda ake harhaɗa injin ban-ruwa, da ƙasidar malaman gona, da umurnin da ke fitowa a fuskar wayar hannu, duk wani ne ya zauna ya rubuta su, kuma biyan sa aka yi. Wannan maƙala za ta duba yadda ake neman irin wannan aiki, tun daga shirya takardar tarihin karatu da aiki, wadda 'yan boko ke kira si-bi, har zuwa zama gaban masu ganawa, wato intabiyu.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a nan

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Turawa ne suka kawo mana wannan abu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 kuma kabarinsa ke Wurno, bai tsaya ga tarihi da fiƙihu da sha'anin mulki kaɗai ba. Ya rubuta ƙananan littattafai a kan magani, ciki har da na ciwon ido da na basir, inda ya tattaro abin da ke warwatse cikin manyan littattafan Larabci ya taƙaita shi domin mai bukata. Baturen nan Clapperton, wanda ya zauna a Magarya a 1826, ya kawo masa kyautar littafin lissafin Yuklid da aka fassara da Larabci, ya kuma rubuta cewa ya tarar da shi zaune da littafin a gabansa. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u kuwa, da ta ga ilimin da ke cikin Larabci da Fillanci ba ya isa ga matan ƙauye, sai ta riƙa mayar da shi Hausa, jajojinta na 'Yan Taru suna ɗauka suna kai wa mata har gidajensu. Tambayar da take yi wa kanta ita ce tambayar marubucin fasaha na yau: wa zai ji wannan, kuma da wane harshe zai shige shi?

A zamanin boko kuwa, labarin Alhaji Abubakar Imam ya fi kowane dacewa da batunmu, domin labarin ɗaukar aiki ne. A 1933, yana malami a Midil ta Katsina, ɗan shekara 22, ya shiga gasar rubutun da Hukumar Talifi ta shirya a ƙarƙashin Dokta East. Littafinsa Ruwan Bagaja na cikin waɗanda suka yi nasara. Abin da East ya gani a shafukan nan shi ya sa ya nemi a aro masa wannan malami zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce, sa'an nan a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Su biyun ne kuma suka haɗu suka rubuta Ikon Allah, littafin da ya gabatar wa 'yan makaranta ilimin halittu da al'amuran duniya da Hausa. A lura da kyau: ba takardar shaida ce ta kai Imam Zariya ba, abokan karatunsa ma suna da irinta. Rubutunsa aka gani. Daga baya shi kansa ya yi shekaru a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, yana duba takardun wasu.

Ina aikin yake?

Ba kasafai za a ga talla a jarida an ce ana neman "marubucin fasaha" da wannan suna ba. Aikin yakan ɓuya a ƙarƙashin wasu sunaye: jami'in yaɗa labarai, ko mai fassara, ko jami'in wayar da kai, ko mataimakin edita. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aikinta ke nan, ta karɓi sakamakon binciken masana aikin gona ta mayar da shi ƙasidu da shirye-shiryen rediyo domin manoma. A Sakkwato akwai Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, mai kula da madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, mai iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Duk wanda ya ga ambaliyar watan Satumba na 2010, lokacin da ruwan Rima ya shafe gonaki da ƙauyuka har ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya san cewa sanarwa a kan ruwa ba abin wasa ba ce. A cikin jami'ar kanta akwai Cibiyar Binciken Makamashi, mai ƙera na'urorin busar da amfanin gona da na dafuwa da hasken rana, kuma kowace na'ura tana bukatar takardar bayani. Ga ma'aikatun lafiya da ƙungiyoyin agaji, ga kamfanonin iri da taki, ga gidajen rediyo, ga kuma kamfanonin kwamfuta da ke neman masu gyara Hausar manhajojinsu ta intanet.

Takardar tarihin karatu da aiki

Abu na farko da ya kamata mai neman wannan aiki ya sa a ransa shi ne, takardarsa ta bambanta da ta sauran masu neman aiki. Idan direba ya kawo si-bi mai kuskuren rubutu, ana iya kawar da kai, domin ba rubutu za a ɗauke shi ya yi ba. Amma marubuci, takardarsa ita ce aikinsa na farko da za a gani. Tana cewa ya iya tsara bayani, mai dubawa kuwa yana kallon yadda ita kanta aka tsara ta. Tana cewa ya ƙware a Hausa, mai dubawa yana neman ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ.

Saboda haka babban kuskuren da yaranmu ke yi shi ne zuwa shagon buga takardu a ce wa mai kwamfuta, "Yi mini si-bi." Shi kuwa yana da tsohuwa guda a ajiye, sai ya goge sunan wani ya sa naka. Na taɓa zama cikin masu tace takardu a wata ma'aikata, muka yi ta cin karo da takardu masu jimlar buɗewa iri ɗaya, da kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, kuma kowa a cikinsu abin sha'awarsa karatu da tafiye-tafiye. Ba mu zarge su da ƙarya ba. Mun dai gane cewa ba su ne suka rubuta ba, alhali kuwa marubuci muke nema.

Shafi biyu sun isa, ga sabon ɗalibi ma ɗaya ya wadatar. A sama a sa suna, da lambar waya mai aiki, da adireshin imel mai mutunci, ba irin laƙabin da abokai ke kiran mutum da shi a dandali ba. A tabbata sunan ya zo daidai da yadda yake a takardun WAEC ko NECO da katin ɗan ƙasa. Wannan matsala ce da ta addabe mu ƙwarai: a takarda ɗaya Muhammad, a wata Mohammed, a wata kuma an gajarta shi, ga sunan gari ya shigo a wata ya fita a wata. A gyara wannan tun kafin ranar bukata. Sa'an nan a jero karatu, a fara da na baya-bayan nan a gangaro zuwa firamare, kowanne da shekararsa.

Inda ake cin nasara ko a faɗi shi ne sashen ayyukan da mutum ya taɓa yi. Kalmomi irin su "mai hazaƙa" da "mai ƙwazo" da "mai aiki tuƙuru" ba su da nauyi, domin babu wanda zai rubuta cewa shi malalaci ne. A kwatanta waɗannan jimloli biyu. Ta farko: "Ina da ƙwarewa wajen sadarwa da manoma." Ta biyu: "Lokacin hidimar ƙasa na rubuta takarda mai shafi biyu da Hausa a kan tazarar dashen albasa, malamin gona ya duba ta, aka karanta wa ƙungiyar manoman rani." Ta farko da'awa ce. Ta biyu kuwa ana iya bin sawunta, a tambayi malamin gonan, a nemi ganin takardar. Ko da aikin ƙarami ne, a faɗi mene ne, don wa aka yi, wa ya duba, me ya biyo baya.

Wajen harsuna a faɗi gaskiya dalla-dalla. Jin Hausa dabam, iya rubuta ta bisa ƙa'ida dabam, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka haifa cikin harshen ba su bambanta "akan" da "a kan" ba. Wanda ya iya rubutun ajami ya rubuta haka a fili, kada ya ɗauka abin kunya ne ko abin da bai shafi ofis ba. A ƙauyukanmu akwai dattawa masu yawa da ba su karanta boko amma suna karanta ajami sarai, kuma ɗan birni da ya yi digiri bai cika iya rubuta musu ba. Haka nan wanda ke jin Fillanci ko Zabarmanci ko Faransanci. Idan mutum ya iya sarrafa kwamfuta, ya ambaci manhajojin da ya sani da sunansu, ya kuma ce ya san yadda ake fitar da haruffa masu ƙugiya.

Masu tsaya wa mutum, wato waɗanda za a tuntuɓa a ji halinsa, biyu ko uku sun isa. A nemi izininsu tukuna. Malamin da ya taɓa jan jan biro a kan rubutunka ya fi wani babban mutum da bai san fuskarka ba amfani a nan, ko da kuwa sunan babban ya fi cika baki.

Samfurin aiki

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Abin da ya yi wa Abubakar Imam aiki shi zai yi wa ɗalibin yau: a haɗa takardar neman aiki da samfurin rubutu biyu ko uku. Ɗalibi zai ce, "To, ni da ban taɓa aiki ba, ina zan samo samfuri?" Amsa ita ce, a gida. Ƙasar Wurno da Goronyo ta shahara da albasa da tafarnuwa da shinkafa, kuma ilimin nomansu yana cikin kawunan mutanen da ba su taɓa rubuta shi ba. Je ka zauna da wanda ya iya ajiyar albasa a rudu. Tambaye shi yaushe ake daina ban-ruwa kafin cira, kwana nawa ake barin ta ta sha iska, yaya ake gane wadda za ta ruɓe a ware ta. Rubuta matakan bi da bi a shafi ɗaya. Wannan samfuri ne, kuma ya nuna ka iya abin da ya fi wuya a sana'ar, wato tatso bayani daga bakin masani. Na biyu, ɗauki wani gwaji da kuka yi a ɗakin kimiyya na makaranta, kamar tace ruwa mai laka ko raba gishiri da yashi, ka rubuta shi da Hausa. Na uku, ɗauki sakin layi guda mai tsauri daga littafin Turanci ka sa shi gefe ɗaya, fassararka a ɗaya gefen.

Kafin a miƙa samfuri a gwada shi, kuma hanyar gwajin ba ta cin ko kwabo. Ba ƙanenka takardar, ka ce ya aikata abin da ta ce, kai kuwa ka koma gefe ka kama bakinka. Duk inda ya tsaya ya ɗago kai yana dubanka, akwai rami a rubutun. Za ka ji bakinka na ƙaiƙayi ka ce, "Ai nufina kaza." Kada ka faɗa. Rubuta nufin naka a takardar, domin manomin da zai karanta ta a Goronyo ba zai same ka kusa ya tambaye ka ba.

Ranar ganawa

Wanda aka kira ganawa ya fara da binciken waɗanda suka kira shi. Ya nemi ƙasidunsu ya karanta, ya san wa suke rubuta wa. Ya kuma sani cewa ma'aikatar gaskiya ba ta neman kuɗin fom ko na "ajiye gurbi" ta lambar asusun wani mutum. Idan a Sakkwato ne ko Zariya, a tafi tun jajibiri, da rana, musamman ganin halin tsaro da hanyoyin gabashin jihar suka shiga a 'yan shekarun nan. Idan kuwa ta waya ko ta intanet za a yi, a nemi inda sabis ke da ƙarfi tun kwana ɗaya kafin lokaci, a cika batir. A riƙo takardun shaida na asali da kwafinsu, da samfuran nan, da biro biyu.

Akwai wani abu da ke kayar da yaranmu wanda ba jahilci ba ne, tarbiyya ce. An koya mana cewa yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya ɗaga murya, kuma yabon kai jahilci ne. Sai yaro ya shiga ɗaki ya sunkuyar da kai, a tambaye shi abin da ya iya, ya ce, "To, ana dai taɓawa." Mai ganawa, musamman in ba Bahaushe ba ne, sai ya rubuta cewa bai san kome ba. Ba a ce a zubar da ladabi ba. A yi sallama, a gaisa, a jira a ba da izinin zama, a ce "ranka ya daɗe" ko "ranki ya daɗe" inda ya dace. Amma a ɗago kai, a yi magana yadda na ƙarshen tebur zai ji. Maganin kunyar yabon kai kuwa shi ne samfurin: ba sai ka ce kai gwani ne ba, sai ka ce, "Ga abin da na rubuta, ga yadda na gwada shi, ga abin da na gyara bayan gwajin." Wannan ba yabon kai ba ne, ba da labari ne. 'Yan mata su fi kowa kiyaye wannan, domin kunyar tasu ta fi yawa, alhali kuwa bukatarsu a fannin bayanan lafiyar mata da yara ta fi ta maza.

Ganawar marubuci ba ta ƙarewa da baki. Galibi za a miƙo takarda a ce ka sake rubuta ta cikin minti ashirin ko talatin. Mu koma ga kwalbar kawu. A ce, alal misali, an rubuta a zuba lita 2 na magani cikin ruwa lita 200 domin hekta ɗaya. Mai gaggawa zai fassara jimlar kalma da kalma ya miƙa, Hausarsa kuwa ba ta da aibu. Amma bai yi aikin ba. Manomi da tankin goyo yake feshi. Lita 2 mililita 2,000 ke nan, in an raba su cikin lita 200 na ruwa, kowace lita ta sami mililita 10. Ashe tanki mai cin lita 20 zai sha mililita 200, mai cin lita 16 kuwa mililita 160. Abin da manomi ke son ji ke nan. Sa'an nan marubucin kirki zai ɗago kai ya tambayi masu ganawar, "Wane irin tanki manoman ke amfani da shi? Akwai ma'auni a murfin kwalbar?" Kada a ji tsoron yin irin wannan tambaya. Sau da yawa ita ake jira, kuma wanda ya yi ta ya riga ya wuce wanda ya yi shiru ya ƙaga amsa.

Ma'auni shi ne ramin da ya fi cin marubuta, manya da ƙanana. A watan Satumba na 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mas, saboda rukuni ɗaya na injiniyoyi ya ba da alƙaluma da ma'aunin fam, ɗayan kuma ya karɓe su a matsayin ma'aunin niyuton, alhali na farkon ya ninka na biyun fiye da sau huɗu. Idan haka ta faru ga masu digiri barkatai, ina ga wanda ya rubuta "mudu ɗaya" ko "kwano ɗaya", alhali mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba? Dubi kuma ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan marubuci ya ce "cokali" kawai, bai ce na shayi ba, bai kuma ce a shafe bakinsa kada ya yi tozo ba, uwa na iya ɗaukar cokalin cin abinci ta cika shi da gishiri, gishiri mai yawa kuwa haɗari ne ga jariri. Kalma biyu da aka bari a nan sun isa su mayar da magani cuta.

Ita kanta kalmar "magani" abin lura ce. Da ita muke kiran abin da likita ke bayarwa, da ita kuma muke kiran abin kashe ƙwari da ciyawa. Kalmar tana da sanyi a kunne, tana ɓoye cewa abin da ke cikin kwalbar guba ne. Marubucin da ya san aikinsa zai fito da kalmar guba a sarari, ya sa gargaɗi a farko kafin matakan aiki, ba a ƙarshe ba bayan mai karatu ya riga ya zuba hannu. Zai bayyana ma'anar zanen launi da ke gindin kwalba, cewa ja ya fi kowane haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Zai faɗi kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi, ya kuma hana zuba ruwan sha ko man girki a kwalbar da ta ƙare.

Wata tambaya da ba ta cika wucewa ba ita ce ta kalmomin da Hausa ba ta da su: a aro ne ko a ƙirƙira? Babu amsa guda, kuma mai ganawa dalilinka yake son ji. Wata ƙirƙirar takan karɓu, kamar yadda "ƙanjamau" da "garkuwar jiki" suka zauna daram a bakin jama'a. Wata kuwa takan mutu a cikin ƙamus. Yana da kyau a nuna an san aikin da magabata suka yi, kamar Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. A kuma nuna an san inda Hausa ke haɗe abubuwa biyu a kalma ɗaya. "Ƙwayar cuta" tana ɗaukar bakteriya, tana kuma ɗaukar bairos, alhali maganin da ke kashe ta farko ba ya taɓa ta biyu. A takardar da ke gargaɗi a kan shan magani barkatai, dole a raba su.

A nan ne ɗan ƙasar Sakkwato yake da wata riba da bai san da ita ba. Ya tashi da Sakkwatanci a gida, ya koyi daidaitacciyar Hausa a makaranta, saboda haka kunnensa ya saba da jin bambanci. Ya san abin da Bakano ke kira gyaɗa shi ne gujiya a nan, alhali in Bakano ya ce gurjiya, abin da muke kira kwaruru yake nufi. Ya san dankalin Hausa shi ne kudaku. Takardar da aka rubuta a Kano a kan noman gurjiya tana iya isa Rabah a karanta ta a kan wata shuka dabam. A rubuce dai daidaitacciyar Hausa ake bi, ba a sa "munka" da "sunka" a ƙasidar hukuma ba. Amma sunan shuka da na ƙwaro da na cuta, a sa wanda mai karatu ya sani, ko a jera biyun. Wanda ya kawo irin wannan misali a gaban masu ganawa ya nuna musu abin da na'urar fassara ba ta iya ba su. Tun 2013 Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa, kuma ana iya tambayar ka ko kana amfani da irin waɗannan na'urori. Faɗi gaskiya. In kana yi, ka bayyana yadda kake bin kowace jimla da kowane adadi kana gwada su da na asali.

Idan aka yi maka tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce ba ka sani ba, sa'an nan ka faɗi wanda za ka tambaya da inda za ka duba. A wasu ayyukan ana iya yaba wa mai saurin baki. A wannan kuwa, wanda ya ƙaga amsa a ɗakin ganawa zai ƙaga adadi a takardar magani, kuma masu ganawar sun san haka.

Daga ƙarshe akan ce, "Kana da tambaya?" Kada a ce babu, kada kuma a fara da albashi, wannan yana da lokacinsa in an yi tayin aikin. A tambaya: su wane ne masu karanta abin da za a rubuta, karantawa suke yi da kansu ko karanta musu ake yi? Wane masani ne ke duba rubutu ya sa hannu kafin a buga? In an gano kuskure bayan takarda ta fita, ta wace hanya ake janye ta? Idan ma'aikatar ba ta da amsar tambaya ta biyu, to, wanda aka ɗauka ya san cewa nauyin kowane adadi a wuyansa zai kwana, sai ya nemi a haɗa shi da masanin tun ranar da ya kama aiki.